Tashar Calshot: gyaran ƙofa ɗaya tilo ta mutanen Tristan da Cunha

Can tsakiyar kudancin Tekun Atlantika akwai wani tsibiri da ke ƙarƙashin Birtaniya da ake kira Tristan da Cunha, mutanen da ke zaune a kansa basu kai 300 ba, a 'yan shekarun nan wajen 240 ne zuwa 250, kuma dukkansu a gari ɗaya suke mai suna Edinburgh of the Seven Seas. Babu filin jirgin sama a wurin, ko ƙarami babu. Ƙasa mafi kusa da su wadda mutane ke zaune ita ce tsibirin Saint Helena, shi ma sama da kilomita 2,400 ne tsakani, Cape Town ta Afirka ta Kudu kuma wajen kilomita 2,800, jirgin ruwa sai ya yi kwana shida ko bakwai yana tafiya kafin ya iso, kuma ba kullum ake samun jirgin ba, a shekara baifi a ƙirga zuwansa da yatsun hannu ba. Toh duk abinda zai shiga garin nan, fulawa ce, man dizal ne, maganin asibiti, siminti, likita, malamin makaranta, da duk abinda zai fita, kifin da suke sayarwa da marar lafiyan da ciwonsa yafi ƙarfin asibitinsu, ta wuri ɗaya yake bi, wata 'yar ƙaramar tashar jiragen ruwa da ake ce wa Calshot. Wannan tashar ita nake so mu duba, don ni a sana'ata ta ginin kwalbati da ƙananan gadoji a nan Jos da ƙauyukan kewaye ban taɓa karanta labarin gyaran da ya tsaya min a rai kamarsa ba.

Bari mu fara daga inda tashar ta samo asali. Tsibirin kansa dutse ne mai aman wuta, kusan zagayayye, ƙololuwarsa ta haura mita 2,000, gefensa kuma kusan ko'ina gangare ne mai tsayi da ya faɗa cikin teku kai tsaye, ba wani lungu da ruwa yake kwanciya. Kafin 1961 basu da tasha kwata-kwata, bakin gaɓa suke amfani da shi, suna da dogayen kwale-kwale da suke haɗawa da katako su lulluɓe da tamfol, su tura su cikin ruwa da ƙarfin hannu su jawo su da ƙarfin hannu. A watan Oktoba na 1961 dutsen yayi aman wuta dab da garin, aka kwashe mutane 264 gaba ɗaya aka kai su Ingila, daga baya aka zaunar da su a wani tsohon sansanin sojan sama a Calshot kusa da Southampton. Narkakken dutsen da ya kwararo bai cinye gidajen garin ba, amma ya binne masana'antar kifinsu, ya kuma binne gaɓar da suke saukar da kwale-kwale, wato dai ya bar musu gida ya ɗauke musu ƙofa. Hukumomin Birtaniya sun zaci shikenan mutanen nan sun zama 'yan Ingila, amma da aka ba su dama suka kaɗa ƙuri'a, 148 suka ce gida zasu koma, 5 ne kawai suka ce a'a, a 1963 suka koma. Dole aka gina musu wurin sauka, aka kammala shi a 1967, suka sa masa sunan garin da suka yi zaman hijira.

In kaji an ce tashar jiragen ruwa kar ka kawo Apapa ko Onne a ranka. Katanga biyu ce aka miƙa cikin teku don su tare igiyar ruwa, da ɗan fili a tsakiya, da dakalin kankare inda ake sauke kaya, ruwan ciki bashi da zurfi, babban jirgi baya iya shiga ko kusa. Jirgin da ya taso daga Cape Town sai dai ya saki anga can nesa a buɗaɗɗen teku, ƙananan kwale-kwale da faffaɗan na dakon kaya su riƙa zirga-zirga suna kwaso kaya kaɗan-kaɗan, injin ɗaga kaya na bakin dakali yana ɗorawa sama. Su kansu kwale-kwalen kamun kifin ba a barinsu su kwana a ruwa, injin ne yake tsoma su da safe ya ciro su da yamma ya ajiye a tudu, saboda in aka bar su ciki ruwa ya tashi da dare toh sai dai a tsinci katako. Kuma ba kowace rana ake iya aiki ba, da asuba akwai masu duba yanayin teku, in sun ga ranar ta yi sai a buga wani ƙarfe da aka rataye a cikin gari kowa ya san yau akwai fita, in bata yi ba kowa ya kama wani aikin, wasu su tafi gonakin dankalinsu. Yana faruwa jirgi ya yi tafiyar mako guda ya iso, fasinja suna hango gidajensu da ido, amma su yi kwanaki a cikin jirgin ba halin sauka.

Arzikin garin kuma a teku yake. Akwai wani irin ƙaton jatan lande da ake kira lobsta, shi suke kamawa a gyara a daskarar a masana'antar garin a fitar zuwa Amurka da Japan da Turai, shi ne babban abinda ke kawo wa gwamnatin tsibirin kuɗi, sai ɗan abinda ake samu a sayar da kan sarki ga masu tara shi a duniya da 'yan baƙin da jiragen yawon buɗe ido ke kawowa, su ma in teku ya yarda sun sauka. Kaga kenan duk ranar da tashar ta ƙi aiki ba kaya kaɗai bane basu shigo ba, kuɗin shiga ne ya tsaya, kuma kuɗin nan shi ake so a gyara tashar da shi.

Yanzu ga yadda teku yake cin irin wannan gini, don anan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Mu in mun ji an ce ruwa ya lalata gini abinda muke hangowa shine ambaliya ta zo rana ɗaya ta tafi da shi. Teku ba haka yake yi ba, ko ince ba haka kaɗai ba. Igiyar da ke dukan Tristan ta taso ne daga dubban kilomitoci ba abinda ya tare ta a hanya, tana zuwa ta daki katanga ta koma, ta sake dawowa, dare da rana shekara da shekaru. Duk dukan da tayi tana tura ruwa da iska cikin 'yar tsagar da ta samu, in zata koma kuma ta tsotso yashi da tsakuwar da aka cike cikin katangar da su, kaɗan-kaɗan, har ya zama saman dakali yana nan sumul kana tafiya a kai amma ƙarƙashinsa rami ne. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga kuma gishiri, yana ratsa kankare har ya kai ga rodin da ke ciki, rodi yayi tsatsa ya kumbura, kumburin ya fasa kankaren daga ciki, sabuwar tsaga ta samu. Sannan a gindin katangar ruwa yana ƙwaƙule ƙasan da take zaune a kai. Duk wannan yana faruwa ne a inda ido baya gani sai an sa masu nutso sun shiga sun duba, shi yasa ranar da babbar guguwa ta zo ta ture wani ɓangare sai kowa yace guguwa ce tayi ɓarna, alhali ita ƙarasawa kawai tayi.

Abinda ake kare katangar da shi wasu manyan curin kankare ne da ake kira dolos. A garin East London na Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro su a 1963, siffarsu sanda ce a tsakiya da hannu a kowane ƙarshe, hannun ɗaya a tsaye ɗayan a kwance, ana zuba su da yawa a gaban katanga su sarƙe da juna. Hikimar ita ce ba a so igiya ta tarar da bango shafaffe ta dake shi da dukkan ƙarfinta, ana so ta shiga ramukan da ke tsakaninsu ƙarfinta ya watse, kuma duk lokacin da ruwa ya girgiza su ƙara kama juna suke yi. Amma suma suna da iyaka. A Sines ta ƙasar Fotugal an zuba masu nauyin tan 42 kowanne, a 1978 guguwa ta zo ta kakkarya su katangar ta lalace, daga nan injiniyoyi suka gane cewa in dolos yayi girma da yawa hannuwansa basa jure girgiza. A Tristan matsalar ta wani gefen ce, ba zaka iya yin wanda ya fi ƙarfin injin da zai ɗaga shi ba, injin kuma ba zai fi ƙarfin abinda za a iya saukewa a tashar ba. Don haka girman kariyar da zaka ba tashar, ita tashar ce take yanke maka shi. Masu sauƙin nauyi kuma in teku ya fusata yana kwashe su, wasu ya watsar waje, wasu ya jefo su cikin mashigar kwale-kwale su zama abin tsoro ga masu shiga da fita, sai an sake ciro su.

Shekarar 2008 ita ce ta fito da komai fili. Tun kafin shekarar ta kama an riga an ga tashar ta yi rauni sosai, har ana tsoron in hunturu ya shigo, wanda a can yake faɗowa tsakiyar shekara wajen Yuni zuwa Agusta, wani ɓangarenta zai iya tafiya. Ana cikin wannan sai ranar 13 ga Fabrairu gobara ta cinye masana'antar kifin, ta haɗa da janaretocin da ke ba garin gaba ɗaya wuta, don a nan cikin masana'antar suke. Ka duba fa, ba masana'anta, ba wuta, ga tashar da za a shigo da kayan sake gina su tana neman rushewa. A cikin makonnin nan ne jirgin RFA Lyme Bay na rundunar ruwan Birtaniya ya iso da injiniyoyin soja, aikin da aka sa wa suna Operation Zest, suka yi wa tashar gyaran gaggawa kafin lokaci ya ƙure. Dalilin da yasa sai irin wannan jirgin shine an ƙera shi ne don sauke manyan motoci da injuna a inda babu tasha mai kyau, yana tafe da nasa faffaɗan kwale-kwalen da masu nutso da komai. An dawo da wuta a watan Maris da sababbin janaretoci, sabuwar masana'anta kuma sai a 2009 ta fara aiki, kuma duk ƙarfe da kwano da injin da aka gina ta da su ta wannan 'yar tashar da aka ɗinke suka shigo. Bayan nan ma ba a huta ba, guguwa ta sake taɓa katangun, aka sake kawo 'yan kwangila, aka ƙara dolos, aka yi aikin ƙara wa cikin tashar zurfi, da kuɗin gwamnatin Birtaniya da na Tarayyar Turai.

Anan ne gaskiya abin yake ɗaure kai, kuma shi ne zuciyar lamarin a ganina. Sai da tashar ake gyaran tashar. Simintin da zaka zuba ta cikinta zai shigo, injin haƙa ta cikinta zai shigo, man da injin zai sha, ma'aikatan da abincinsu, duk ta nan. In ta lalace sosai bazaka iya sauke abinda zaka gyara ta da shi ba, in kuma ka rufe ta don kayi aiki a natse ka hana masunta fita a 'yan kwanakin da teku ya kwanta, kuma kwanakin da suka dace da zuba kankare su ne dai kwanakin da suka dace da kamun kifi da sauke kaya, kowa rana ɗaya yake jira. Ga lokacin aikin gajere ne, watannin zafinsu daga wajen Disamba zuwa Maris, ko a cikinsu ma ba tabbas. Sannan in wani ɗan ƙaramin abu ya lalace a jikin inji, tiyon mai ko wani bel, ba inda zaka aika yaro ya sayo, sai jirgi na gaba, jirgi na gaba kuma yana iya zama bayan wata biyu, lokacin yanayi ya juya. Mu nan in abu ya karye a wurin aiki mutum zai hau mashin ya shiga Dilimi ya dawo da shi kafin la'asar, in babu a kira Kano ko Legas gobe ya iso a mota. Su kuwa abu ɗaya da aka manta ba a sa a jirgi ba yana iya cinye shekara guda ta aiki, ma'aikatan da aka ɗauko daga waje suna zaune ana biyansu.

Na kawo wannan labarin a wurin aikinmu wajen Bukuru muna jiran motar yashi, akwai wani dattijon foman da muke aiki tare, tun zamanin da kamfanonin kuza suke da ƙarfi yake harkar gini, da wata yarinya injiniya da ta zo bautar ƙasa. Ita tambayarta kai tsaye ce, tace Yallaɓai mutum 250 fa, kuɗin da ake zubawa a teku duk bayan 'yan shekaru ai ya isa a saya wa kowannensu gida a wani wuri, me yasa baza a kwashe su ba kawai. Ban ga laifin tambayar ba don duk mai riƙe da lalitar gwamnati sai yayi ta a ransa ko bai faɗa ba. Nace mata ƙanwata ai an gwada, an kai su Ingila sun zauna kusan shekara biyu, sun ga lantarki da talabijin da aikin albashi, sanyi da cututtukan da jikinsu bai saba da su ba suka kashe musu wasu dattawa, suka ce a mayar da su. Mutanen nan tun farkon ƙarni na 19 kakanninsu suke wurin, tun bayan da Birtaniya ta kafa sansanin soja a 1816 wani sojanta William Glass ya zaɓi ya zauna da iyalinsa, ƙasar ma ta kowa da kowa ce ba mai mallakar fili shi kaɗai. Baba foman kuma bai tsaya kan wannan ba, shi abinda ya dame shi daban ne, yace min Injiniya ni tambayata in sojan nan sun gama sun tafi, wa suka bar wa makullin injin, kuma wa ya iya gyara shi. Wallahi tambayar Baba ita ce ta fi kusa da inda ciwon yake.

Don akwai hanya biyu da kullum ake jayayya a kansu a irin wannan wuri. Ta farko a daina ɗinki, a nemi wuri mafi kyau a gina sabuwar tasha mai zurfi mai katanga ta gaske wadda zata daɗe, a kashe kuɗin sau ɗaya a huta. A takarda tafi kyau, kuma ni ma da farko zuciyata can ta karkata don duk wanda yayi aikin faci yasan takaicinsa. Amma kuɗin yana da yawan da tattalin arzikin mutum 250 bazai taɓa biya ba, sai dai Landan ta biya, kuma Landan tana da tabon Saint Helena, inda aka kashe wajen fam miliyan 285 aka gina filin jirgin sama, aka gama a 2016 sannan aka tarar iskar da ke kaɗawa a bakin titin tana hana manyan jirage sauka lafiya, sai a watan Oktoba 2017 aka fara jigilar fasinja da ƙaramin jirgi, 'yan majalisa da jaridu suka yi ta caccaka. Bayan wannan duk wanda zai je ya nemi a zuba manyan kuɗi a wani tsibirin da ya fi wancan ƙanƙanta da nisa sai ya shirya. Kuma ko an gina sabuwar, tekun dai shi ne, gishirin shi ne, bayan shekara ashirin ita ma zata fara neman dolos.

Ta biyun ita ce a yarda cewa wannan ginin ba a gama shi, kamar soron ƙasa ne da duk shekara kafin damina sai an hau an yi masa yaɓe, wanda yayi yaɓen bai gaza ba, wanda ya tsallake shekara biyu ne zai kwana a waje. Ni a nan na tsaya, amma da sharaɗi, don faci kala biyu ne. Akwai wanda ake yi bayan abu ya riga ya fashe, a tashi jirgin soja daga wata duniya, a biya ko nawa ne don ba zaɓi, a yi sauri a tafi. Irin na 2008 kenan, ya ceci garin babu shakka, kuma ina jinjina wa waɗanda suka yi shi, amma shi ne mafi tsada kuma ba kullum za a samu jirgin da ba ya wani aiki ba. Akwai kuma wanda ake yi a natse, ace akwai ma'aunin zuba dolos a tsibirin, akwai siminti a ajiye a inda danshi baya kama shi, duk sanda aka samu sarari 'yan garin su zuba guda biyu guda uku su jere su a tudu suna jiran ranar buƙata, bayan kowace babbar guguwa a shiga a duba ƙarƙashin dakali a cike ramin tun yana ƙarami, injin ɗaga kaya kuma ya zama akwai na biyu, da safaya a sito, da makanikin da ɗan garin ne ba wanda zai hau jirgi ya tafi ba. Wannan baya fitowa a labarai, ba ranar buɗewa ba yanka kirtani, shi yasa samun kuɗinsa yafi wuya duk da yafi araha. Masu bada tallafi sun fi son abu mai farko da ƙarshe da zasu rubuta rahoto su rufe fayil, kuɗin duk shekara da baya ƙarewa kowa gudunsa yake yi.

Abin bai yi mana nisa ba yadda muke zato, duk da mu a kan tudu muke. Tashar jiragen ruwa ta Baro a jihar Neja an ƙaddamar da ita a watan Janairu 2019, an gama gini an kawo injuna, amma shekaru suka wuce ba jirgin kaya saboda hanyar motar da zata kai ka wurin da yashe kogin basu samu ba. Tashar tsandauri ta Heipang da ke nan kusa da mu, wato tashar sauke kaya da ba a bakin ruwa take ba, tun muna samari ake maganarta. Waɗannan aƙalla ba wanda ransa ya rataya a kansu yau-yau. Waɗanda suka fi kama da mutanen Tristan su ne mutanen ƙauyukan bakin Kogin Kwara da tsibiran tafkin Kainji wajen Yawuri da na tafkin Chadi, waɗanda kasuwa da asibiti da gidan biki duk sai a kwale-kwale, wurin hawa da saukarsu sau da yawa gangaren laka ne kawai, ba dakali ba fitila ba mai ƙirga mutum nawa suka shiga. A watan Yuni 2023 sama da mutum 100 suka rasu a hatsarin jirgin ruwa a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki, Allah ya jiƙansu. Ba zance tasha mai kyau ita kaɗai zata hana irin wannan ba, akwai lodi fiye da kima da tafiyar dare da rashin rigar ruwa, amma inda akwai tsayayyen wurin hawa a nan ne ake iya tsayar da mutum a ce jirgin ya cika.

Komawa Tristan, abu biyu ne suke sa ni damuwa da gaban tashar nan. Na farko kuɗi, tunda Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai a 2020 ƙofar asusun raya ƙasa na Turai da yankunanta na ƙetare suke samu ta rufe, saura Landan kaɗai, ita kuma kasafin tallafinta ya sha yanka a shekarun nan. Tsibirin yana da abin nunawa, a 2020 ɗin dai suka ayyana kusan murabba'in kilomita 690,000 na tekunsu a matsayin wurin da aka kare daga kamun kifi da haƙar ma'adinai, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, kuma wannan kariyar ba zata yi ma'ana ba in babu mutane a wurin da kwale-kwalen da zai fita ya duba, an ga haka a 2011 lokacin da jirgin dakon waken soya MS Oliva ya daki tsibirin Nightingale da ke kusa, mai ya malale, 'yan garin ne suka yi ta kwaso dubban tsuntsayen fengwin suna kawowa gida suna kula da su kafin taimako ya iso daga Cape Town, kuma ta wannan tashar aka riƙa shigo da su. Wannan hujja ce mai ƙarfi in za a je neman kuɗi, tafi a ce a taimaka mana don tausayi.

Na biyun kuma yafi na farko nauyi, mutane ne. Yawansu raguwa yake yi, tsofaffi suna ƙaruwa, yara kaɗan ake haifa, wasu matasan in sun fita karatu Ingila ko Cape Town ba duka suke dawowa ba. Mutum ɗaya a can shi ne masunci ranar da aka buga ƙarfe, shi ne ma'aikacin gwamnati washegari, shi ne mai sauke kaya in jirgi ya zo, shi ne manomin dankali da makiyayin tumakinsa. Aikin tasha kuma aikin ƙarfi ne da sanin ruwa, direban injin da zai ɗaga kwale-kwale da mutane a ciki daidai lokacin da igiya ta ɗago shi ba a wata shida ake koyonsa ba. Da ni za a tambaya, duk kwangilar gyaran da za a sake bayarwa sai an rubuta a cikinta ƙarara cewa injunan da aka kawo a tsibirin zasu zauna da safayarsu ta shekaru, kuma ba za a biya ɗan kwangila kason ƙarshe ba sai matasan garin sun zuba dolos sun ɗaga sun ajiye shi a mazauninsa da hannunsu, shi yana tsaye yana kallo.